Ƙuri'a Mai Nauyi: Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen da Ake Aunawa da Dukiya ko Yawan Iyali

Bayan kusan kowane zaɓe akan samu masu cewa bai kamata ƙuri'ar mai biyan haraji ta yi daidai da ta wanda ba ya biya ba, ko ta magidanci mai 'ya'ya takwas ta yi daidai da ta saurayin da bai ajiye kowa ba. Maganar ba sabuwa ba ce, kuma ƙasashe da dama sun yi aiki da ita shekaru masu yawa. An sa wa tambayoyin lamba domin wasu amsoshin suna komawa ga wasu.

1. Me ake nufi da ƙuri'a mai nauyi?

Tsari ne da ƙuri'ar wani take fin ta wani ƙarfi a zaɓe guda, bisa wani ma'auni da doka ta ajiye: harajin da yake biya, kadarar da ya mallaka, iliminsa, ko yawan iyalinsa. Hanya biyu ake bi. Ko dai a miƙa wa mutum takardar ƙuri'a biyu ko uku ya jefa, ko kuma kowa ya jefa ɗaya amma a raba masu zaɓe rukuni-rukuni, a ba ƙaramin rukunin masu hali kujeru daidai da na babban rukunin talakawa. Hanya ta biyun ta fi ɓoye kanta, domin a rumfar zaɓe kowa ƙuri'a ɗaya yake riƙe da ita.

Kada a haɗa wannan da sharaɗin shiga zaɓe, inda ake cewa wanda kuɗin shigarsa bai kai kaza ba ba zai yi zaɓe ba sam. Wancan hanawa ce gaba ɗaya. A nan kowa yana zaɓe, nauyin ne ya bambanta.

2. An taɓa gwada shi da gaske?

Ƙwarai kuwa. A tsohuwar daular Rum, majalisar da ke zaɓen manyan shugabanni an raba ta rukuni 193 bisa dukiya, kowane rukuni ƙuri'a ɗaya. A tsarinta na farko mahaya dawaki suna da 18, ajin farko na masu dukiya yana da 80, jimla 98, wato sun haura rabi. Masu hali ake fara kira, kuma da zarar an samu rinjaye sai a dakatar da zaɓen, saboda haka sau da yawa ba a ma kaiwa kan talakawa.

A zamanin baya-bayan nan fitattun misalai su ne Furushiya daga 1849 zuwa 1918, Beljiyam daga 1893 zuwa 1919, ƙananan hukumomin Suwidin daga 1862, da Birtaniya har zuwa 1948. Duk an yi bayaninsu a tambaya ta 3 zuwa ta 6, na Afirka kuma a ta 7.

3. Yaya tsarin aji uku na Furushiya yake aiki?

Furushiya ita ce babbar masarauta a cikin Jamus ta wancan lokacin. Sarki Frederick William na Huɗu ya kafa tsarin a 1849 domin zaɓen majalisar wakilan masarautar. Maza masu shekara 24 zuwa sama ne ke zaɓe, ban da masu karɓar tallafin talauci. Da farko ana jera sunayen masu zaɓe daga wanda ya fi biyan haraji har zuwa wanda ba ya biyan komai. Sai a haɗa jimlar harajin a raba ta uku. Ana sauka daga saman jerin ana tarawa, inda aka cika kashi ɗaya cikin uku nan aji na farko ya tsaya, inda aka cika kashi na biyu nan aji na biyu ya tsaya, duk sauran jama'a aji na uku. Kowane aji yana zaɓen kashi ɗaya cikin uku na wakilan zaɓe, waɗannan wakilan ne kuma suke taruwa su zaɓi ɗan majalisa.

Ga misali da lissafi. A ce gunduma tana da masu zaɓe 1,000, jimlar harajinsu 90,000, wakilan zaɓenta shida. Mutum 40 na sama sun biya 30,000, mutum 130 da ke bin su sun biya 30,000, sauran 830 sun biya 30,000. Kowane aji wakili biyu. Ke nan a aji na farko mutum 20 ne ke da wakili ɗaya, a aji na uku kuwa sai mutum 415. Ƙuri'ar attajiri ta ninka ta lebura sau ashirin da ɗoriya. Ainihin alƙaluman 1849 ba su yi nisa da haka ba: kashi 4.7 cikin ɗari a aji na farko, 12.6 a na biyu, 82.7 a na uku.

Ƙari a kan wannan, ba a asirce ake zaɓen ba. Mutum yana faɗin sunan wanda yake so da bakinsa a gaban malaman zaɓe, kuma ba mamaki mai gonar da yake yi wa aiki yana zaune a wurin.

4. Me ya lalace a tsarin Furushiya?

Abu na farko, kujeru sun rabu da ra'ayin jama'a. A zaɓen 1908 jam'iyyar ma'aikata ta SPD ta samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u, amma kujera 7 kacal cikin 443. A daidai wannan zamani majalisar tarayyar Jamus ana zaɓenta ne da ƙuri'a daidai wa daida ga kowane namiji, kuma a can jam'iyyar ta zama mafi yawan kujeru a 1912. Mutane ɗaya, ƙasa ɗaya, ma'auni ne kawai ya bambanta.

Na biyu, ma'aunin ya rinƙa haifar da abin da su kansu masu tsarin ba su nufa ba. A garin Essen, inda ake amfani da irin wannan tsari a zaɓen majalisar gari, mai masana'antar ƙarfe Alfred Krupp ya taɓa zama shi kaɗai a aji na farko saboda yawan harajinsa. Bayan gyaran farkon shekarun 1890, da aka koma raba haraji uku a cikin kowace ƙaramar gunduma maimakon gari gaba ɗaya, sai ajin mutum ya dogara ga maƙwabtansa. Mai ɗan rufin asiri a unguwar talakawa yakan faɗa aji na farko, minista a unguwar attajiran Berlin ya faɗa aji na uku. Na uku, talakawa sun gane ƙuri'arsu ba ta da tasiri, sai mafi yawansu suka daina fitowa. Kuma duk yunƙurin gyara sai ya bi ta hannun majalisar da tsarin ya haifa, ita kuwa ba ta da dalilin rushe kanta. Sai juyin juya halin Nuwamba 1918 ne ya kawar da shi.

5. A ina aka haɗa dukiya da iyali a tsari guda?

A Beljiyam. Bayan babban yajin aiki na Afrilu 1893, an ba kowane namiji mai shekara 25 ƙuri'a ɗaya, amma aka yi ƙari ga wasu. Magidanci mai shekara 35 da ke biyan harajin gida aƙalla faran 5 yana da ƙarin ɗaya. Mai kadarar da ta kai faran 2,000, ko mai samun faran 100 a shekara daga ajiya ko takardun bashin gwamnati, shi ma ƙarin ɗaya. Mai babbar takardar ilimi ko wasu muƙamai yana da ƙarin biyu. Komai yawan abin da mutum ya haɗa, ba ya wuce uku. A lokacin ne kuma aka wajabta fita zaɓe.

Masu ƙuri'a ɗaya sun kai kimanin 850,000, masu biyu kimanin 290,000, masu uku kimanin 220,000. Idan aka ninka, masu ƙari, waɗanda ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu zaɓe ba, su ke riƙe da kusan kashi 60 na ƙuri'u. A lura cewa ƙarin magidanci ba ya ƙaruwa da yawan 'ya'ya, kuma an ɗaure shi da haraji, don haka magidancin da ke haya a ɗaki ɗaya bai amfana ba. Ma'aikata sun sake yajin aiki a kansa a 1902 da 1913, aka daina aiki da shi a zaɓen 1919.

6. Suwidin da Birtaniya fa?

Na Suwidin ya fi kowanne tsanani. A zaɓen ƙananan hukumomi yawan ƙuri'ar mutum yana bin yawan harajinsa kai tsaye, kamfanoni ma suna da ƙuri'a, har a wasu ƙauyuka mutum ɗaya ya rinjayi sauran jama'a duka. Tunda majalisun larduna ne ke zaɓen majalisar dattawa, nauyin ya kai har can sama. Gyaran 1909 ya taƙaita shi zuwa ƙuri'a 40 ga mutum, sannan aka soke shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A Birtaniya mai shago a wata mazaɓa yana zaɓe a can ya kuma yi a inda yake kwana, waɗanda suka gama jami'a kuma suna da kujerun jami'o'i na daban. Dokar 1948 ta soke duka biyun a zaɓen majalisa. A Arewacin Ayalan ƙuri'ar 'yan kasuwa ta daɗe a zaɓen ƙananan hukumomi har ƙarshen shekarun 1960, tana cikin abin da ya tayar da zanga-zangar neman 'yanci a can.

7. An yi irin wannan a Afirka?

An yi, a ƙarƙashin mulkin mallaka. A Kenya, zaɓen 1957 da baƙaƙen fata suka fara zaɓen wakilai takwas, mutum yana iya samun ƙuri'a har uku gwargwadon ilimi, kuɗin shiga ko aikin gwamnati. A Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, tsarin mulkin 1969 ya ba turawa kujera 50, baƙaƙen fata 16, ya kuma ce kujerun baƙaƙe ba za su ƙaru ba sai kasonsu na harajin kuɗin shiga ya ƙaru. Gwamnatin da ta ƙwace filaye masu albarka ita ce kuma ta ɗaura wakilci a kan samu, don haka an san ƙarshen lissafin tun kafin a fara.

A Najeriya tsarin mulkin Clifford na 1922 ya ba Legas kujera uku, Kalaba ɗaya, ga maza masu samun fam 100 a shekara, wanda sharaɗin shiga ne kamar yadda aka bambance a tambaya ta 1. A yankunan Faransa, har da Nijar, an raba masu zaɓe gida biyu, na masu matsayin Faransawa da na 'yan ƙasa, sai dokar 1956 ta haɗe su. Dokar 1951 kuma ta buɗe ƙofar zaɓe ga magidanta masu biyan haraji da matan da suka haifi 'ya'ya biyu.

8. Amma ai wanda ya fi biyan haraji ya fi cancantar a ji ta bakinsa. Ina kuskuren?

Hujjar tana ɗaukar gwamnati kamar kamfani, inda mai yawan jari ya fi yawan murya. Sai dai gwamnati ba kuɗi kaɗai take rabawa ba. Tana yin dokar da za ta ɗaure mutum, tana tura shi yaƙi, tana yanke ko za a sa magani a asibitin garinsu. Waɗannan sun fi taɓa talaka, domin attajiri yana da hanyar kauce wa mummunan asibiti da mummunar makaranta. Ko John Stuart Mill, masanin Ingila da ya goyi bayan ƙarin ƙuri'a a tsakiyar ƙarni na 19, ilimi ya so a auna, ya ƙi yarda a mai da dukiya tushe.

Akwai kuma matsalar awo. Harajin albashi ne kaɗai ke rubuce da sunan mutum. Harajin kayan masarufi, kuɗin fito da ke ɓoye a cikin farashi, da kuɗin rumfar kasuwa kowa yana biya, amma ba wanda ke riƙe da rasidin da zai kai hukumar zaɓe. A ƙasar da mafi yawan mutane manoma ne da 'yan kasuwa marasa rajista, ƙaramin ma'aikacin gwamnati zai fi babban dillalin hatsi ƙuri'a. Sannan duk wanda ke riƙe da ofishin haraji ya zama mai rabon ƙuri'a: ya ƙara wa nasa kimantawa, ya rage wa abokan hamayya. Majalisar da aka zaɓa ta haka ita ce kuma za ta rubuta dokar haraji ta gaba.

9. Mece ce ƙuri'ar Demeny, kuma me ya bambanta ta da ƙarin magidanci?

Paul Demeny masanin ƙidayar jama'a ne ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka. A 1986 ya ba da shawarar a ba kowane yaro ƙuri'a, iyayensa su jefa a madadinsa har ya kai shekarun zaɓe. Abin da ya dame shi shi ne ƙasashen da haihuwa ta ragu, tsofaffi suka yi yawa a cikin masu zaɓe, kasafin kuɗi ya karkata ga fansho ya bar makarantu.

Bambancin yana da muhimmanci. A Beljiyam lada ake ba uba don ya zama magidanci. A nan kuwa masu shawarar suna cewa ƙuri'ar ta yaron ce, iyaye wakilai ne kawai, kamar yadda suke riƙe masa gado. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk wannan fage kuma ta cancanci a saurare ta, domin bashin da gwamnati ta ci yau yaran ne za su biya. Rauninta yana wajen aiwatarwa, duba tambaya ta 10 zuwa ta 12.

10. Yaya ake lissafin, kuma ta yaya ake jefa rabin ƙuri'a?

A tsarin da aka fi ambata, uwa rabi uba rabi a kan kowane yaro. Ma'aurata masu 'ya'ya uku kowannensu yana da ƙuri'a biyu da rabi. Tunda ba a yaga takarda biyu, sai a ninka komai: kowane baligi a ba shi takarda biyu, kowane mahaifi a ƙara masa ɗaya a kan kowane yaro. Wata hanyar ita ce takarda mai launi daban da ake ƙirgawa rabi.

Kowace hanya tana da illa. Ta farko tana ninka kuɗin bugu da lokacin ƙirga, kuma mutumin da ya shiga da takarda goma a hannu ya sauƙaƙa wa mai sayen ƙuri'a aiki, domin ciniki ɗaya ya wadatar. Ta biyu tana taɓa sirri: a ƙaramar rumfa, idan takardu masu launi kaɗan ne, ana iya gane wanda ya jefa su. Sannan dole a haɗa rajistar masu zaɓe da rajistar haihuwa da ta mutuwa, a sabunta su kafin kowane zaɓe, a cire yaron da ya cika shekara 18 daga sunan iyayensa. Inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa kuma ba a kai rahoton mutuwa, za a samu yaran bogi fiye da yadda ake samun ma'aikatan bogi.

11. Idan aure ya mutu, ko mata sun fi ɗaya, ko yaron maraya ne fa?

Masu shawarar sun tsara ta ne da gidan Turai a zuciya, mata ɗaya da 'ya'ya biyu. A ɗauki gida mai mata huɗu, kowace da 'ya'ya biyar. Kowace uwa tana da uku da rabi, maigida kuwa yana da tasa ɗaya da rabin yara ashirin, jimla 11. Idan aka ce a ba iyaye mata duka, kamar yadda aka tattauna a Hangari, to an cire uba. Idan aka ce mai riƙon yaro, sai a fara shari'a a kan wane ne mai riƙo: uwar da aka saka ta tafi da na goye, ko kakar da ke ciyar da sauran, ko malamin da yaron yake gabansa a wani gari. Marayun da ke gidan gwamnati kuma, idan shugaban gidan ne zai jefa musu, an ba ma'aikacin gwamnati ƙuri'a ɗari.

Girman abin ma ya bambanta. A Jamus ko Japan yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, don haka ƙuri'un wakilci za su kai ko su zarce na masu zaɓe da kansu.

12. Wane tabbaci ake da shi cewa iyaye za su zaɓa don amfanin yaran?

Babu. Zaɓe a asirce yake, ba mai iya bincikar ko uba ya bambanta ƙuri'ar ɗansa da tasa, kuma abin da ya fi kusa da hankali shi ne ya jefa su duka wuri ɗaya. Mai riƙon dukiyar maraya ana iya kai shi gaban alƙali ya ba da lissafi, mai riƙon ƙuri'a ba a iyawa. Ga kuma yarinya mai shekara 16 da ra'ayinta ya saɓa da na mahaifinta, an jefa ƙuri'a da sunanta ga wanda take ƙi. Daga ɗaya gefen, malamar makaranta da Allah bai ba haihuwa ba, wadda ta shekara talatin tana koyar da 'ya'yan mutane, ƙuri'arta ta koma ƙasa da ta wanda ya haifa ya watsar.

13. Akwai ƙasar da ke aiki da shi yanzu?

Babu ƙasar da ke amfani da ƙuri'ar Demeny a zaɓen ƙasa. A Jamus 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban sun gabatar da ƙudurin ba da ƙuri'a tun daga haihuwa a 2003 da 2008, bai wuce ba. A Hangari jam'iyyar Fidesz ta duba shi lokacin rubuta tsarin mulkin 2011, ta janye bayan jin ra'ayin jama'a ya nuna mafi yawa ba sa so. Lee Kuan Yew, tsohon firaministan Singafo, ya ce a 1994 zai fi son a ba magidanta masu shekara 40 zuwa 60 ƙuri'a biyu, amma bai zama doka ba. Ɗan siyasa JD Vance ya kawo maganar a Amurka a 2021, ana kuma tattauna ta a Japan. Mafi kusa da shi a aikace shi ne Sifen ta zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco, inda daga 1967 magidanta da matan aure ke zaɓen wakilan iyali biyu a kowane lardi, a ƙarƙashin mulkin da babu jam'iyyun hamayya.

14. Doka ta yarda da shi?

Sashe na 21 na sanarwar 'yancin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, da sashe na 25 na yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta 1966, duka sun ce zaɓe ya zama na kowa kuma daidai wa daida. Auna ƙuri'a da dukiya ya saɓa wa wannan kai tsaye. Na yara kuwa lauyoyi suna jayayya a kai: masu goyon baya suna cewa ya cika sharaɗin "na kowa", masu suka suna cewa ya karya na "daidai". A Jamus sashe na 38 na tsarin mulki ya ajiye shekara 18, don haka sai an gyara shi da rinjayen kashi biyu cikin uku. A Najeriya ma shekara 18 ce, kuma jefa ƙuri'a fiye da sau ɗaya laifi ne.

15. To me ya sa ake yarda da shi a kamfanoni da Asusun Lamuni na Duniya?

Domin a can shiga da fita ganin dama ne, kuma abin da ake yanke hukunci a kai shi ne kuɗin da aka zuba. A kamfani ƙuri'a tana bin hannun jari, a ƙungiyar gama-kai kuwa ƙa'idar ita ce mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya komai jarinsa. A Asusun Lamuni na Duniya, wato IMF, Amurka tana da fiye da kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'u, manyan shawarwari kuma suna buƙatar kashi 85, don haka ita kaɗai tana iya hana su, abin da ƙasashe masu tasowa suka daɗe suna kuka da shi. A tsohuwar cibiyar kasuwancin Landan har yau kamfanoni suna naɗa masu zaɓe gwargwadon yawan ma'aikatansu. Kotun ƙolin Amurka kuma, a 1973 da 1981, ta yarda hukumomin raba ruwan noma su auna ƙuri'a da filin da mutum ya mallaka, bisa dalilin cewa aikinsu taƙaitacce ne, ba mulkin jama'a gaba ɗaya ba.

16. Idan damuwar ita ce a ji muryar yara, akwai wata hanya?

Akwai, kuma an gwada su. Ta farko rage shekarun zaɓe zuwa 16, kamar yadda Barazil ta yi a 1988, Ostiriya a 2007, Ajantina a 2012, Malta a 2018. Wannan ba ya buƙatar wakili, matashin ne ke jefawa da hannunsa. Ta biyu rage shekarun tsayawa takara, kamar gyaran 2018 a Najeriya da ya sauke na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Ta uku kafa ofishi na musamman, kamar kwamishinan kare muradun masu zuwa nan gaba da yankin Wales ya kafa da dokar 2015, wanda ke bibiyar yadda hukumomi ke la'akari da illar ayyukansu a nan gaba. Sannan a duk ƙasar da ake raba kujerun majalisa bisa ƙidayar jama'a gaba ɗaya, an riga an ƙirga yara a wajen rabon, don haka yankin da ya fi yawan yara yana samun ƙarin wakilai ba tare da an ƙara wa kowa takardar ƙuri'a ba.